Yatsan da Alli Ya Cinye

Ranar 3 ga wata

Zuwa ga 'yata Jan Biro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke. Innarki, wato Hedimasta ta gidan nan, tana gaishe ki. Jikinta ƙalau, idon ne dai har yanzu: yanar ido ta rufe na dama ruf, na hagu kuma dishi-dishi. Jiya ta gai da rigata da ke rataye a ƙusa, har tana mata faɗan ba ta amsa ba. Likita ya sa ranar aikin idon, sha biyu ga watan gobe.

Na ji daɗi ƙwarai da aka ɗauke ki aikin jinya a asibitin gwamnati. Yarinyar da ke sace min jan biro tana ba bangon ɗakina maki, yau ita ce ke riƙe da allura! To ga darasin farko daga kawunki: ki sayi akwatin ƙarfe. Takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, duk wata 'yar guntuwa da aka buga wa hatimi, ki jefa ciki. Ma'aikacin gwamnati takarda ne, jikin nan rakiya yake yi mata. Nawa akwatin shekara arba'in yana ƙarƙashin gado, ko ɓera bai san cikinsa ba.

Bari in ba ki dariya. Gwamnati ta ce kafin a kammala kasafin kuɗi sai an tantance 'yan fansho, wai akwai matattu da ke karɓar kuɗi. Jiya na je. Layi tun daga ƙofa har gindin famfo, duk tsofaffin abokai, kowa da sandarsa da labarin gwiwarsa. A bango an rubuta: babban yatsan dama kawai. Za ka ɗora shi kan wani ɗan gilashi, in fitila ta yi kore kana raye, in ta yi ja sai Allah.

Na ɗora. Ja. Na goge a riga na sake. Ja. Matashin da ke kula da na'urar ya kama yatsan ya juya shi ya ce, "Baba, wane aiki ka yi?" Na ce malamin firamare, shekara talatin da biyar. Ya ce, "To alli ya cinye zanen. Yatsan nan sumul yake kamar bayan cokali." Na ce, "Ɗana, ga ni nan tsaye ina maka magana." Ya ce shi ya yarda, na'urar ce ba ta yarda ba. Wani tsohon masinja a bayana ya ce, "Malam, Allah ya ji ƙanka, mutumin kirki ne kai." Layi ya ɗauki dariya. An ce in dawo, akwai lokaci har talatin ga wata.

Ajina na yamma yana nan a zaure, mata bakwai da makanikai biyu, duk manya, mun kai haɗa baƙi.

Ki ba direba Sai Gobe amsa. Kada ki ce me ya hana ni kira. Kin san kunnena da waya ba sa shiri, kuma ba na so hannunki ya manta rubutu.

Kawunki, marigayi a wurin na'ura

*

Ranar 9 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gai da Inna da jiki, Allah ya sa a yi aikin a sa'a. Ni lafiyata ƙalau, ƙafafu ne kawai ke ƙara.

Kawu, wasiƙarka ta kusa sa a kore ni. A ɗakin hutu na karanta, dariya ta ƙwace min, shugabarmu ta leƙo tana tambaya ko asibiti ya koma gidan wasa. Da na karanta mata wurin masinjan nan, ita ma sai da ta zauna.

Na sayi akwatin, shuɗi, da ɗan kwaɗonsa. Takardu uku ne a ciki, suna ta yawo kamar baƙi a babban ɗaki. Mu ma sababbin ɗauka an yi mana rajista, an ɗauki yatsa da hoto, hoton ya fito kamar an tashe ni daga barci. Albashi kuwa shiru. Wai ba za a sa sunayenmu ba sai majalisa ta gama da kasafi. Kullum da safe akawu yana ce mana, "Yana kan tebur." Ban san wane irin tebur ba ne wannan, Kawu, da abu ke hawa ba ya sauka.

Aikin dai ina son sa. Gadaje ashirin da huɗu, mu biyu. Akwai wata tsohuwa a gado na tara da ba ta shan magani sai na rantse mata ba ɗaci, kullum ina rantsuwa da sharaɗi. Amma wani lokacin in na ga wata ya yi nisa, sai in ce ko asibitin kuɗi zan koma.

Batun yatsa, ka sake komawa, na'ura ce, wata rana tana tashi da ƙafar hagu. Tunda har kana barkwanci na san ba wani abu ba ne.

'Yarka,
Jan Biro

*

Ranar 14 ga wata

'Yata,

Innarki ce. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ke rubuta min, in kin ga layi ya karkace to hannunta ya fi sabawa da almakashi. Muna lafiya, muna gaishe ki.

An karanta min wasiƙarki, na ga kawunki ya yi miki irin tasa. Mutumin nan ko gida na cin wuta sai ya fara ba ki labarin kyan hayaƙin. Ga abin da bai faɗa miki ba. Duk wanda na'ura ba ta karɓa ba zuwa talatin ga wata, za a dakatar da fanshonsa, a rufe katinsa na lafiya, sai wani kwamiti ya zauna bayan sabon kasafi. Waɗanda suka san kwamitin sun ce yakan yi wata shida yana gyara kujera. Ni kuma a kan katinsa nake. In an rufe, babu aikin ido ranar sha biyu, kuma likita ya ce na hagun ma ba zai jira mu ba.

Jiya ya sake zuwa. Ja. Ya dawo yana waƙa, ya ce rana ce ta yi zafi. Shekara talatin da takwas ina tare da shi, in ya yi waƙa a tsakar gida to abin ya dame shi. Abincinsa ya dawo rabi. Kuma yana ajiye hula ya wuce zaure ya ɗauki allin nan, har la'asar sakaliya ina jin ƙiiƙii a kan allo.

Ke ce ma'aikaciyar lafiya. In akwai dabara ki faɗa, zai fi jin taki. Ni ba tsoron duhu nake ba, na saba da hanyar ɗakina. Amma shekara biyu rabona da karanta ko da takardar magani, kuma ina so in ga rigarki ta aiki da idona.

Mai ɗinki ta ce in gaya miki wuyan rigar da ta ɗinka miki bai yi faɗi ba, ke ce kika rame.

Innarki

*

Ranar 17 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gai da Inna. Yau gaisuwar gajeriya ce, ka yi haƙuri.

Kawu, haka ake yi? Ka sa ni dariya a kan idon Inna? Na kira wayarka sau goma sha ɗaya, na san tana cikin aljihun tebur a kashe, kusa da kwalin alli. Na koma na karanta wasiƙarka ta farko, na ga ranar talatin a ƙasa can, ka ajiye ta kamar ba komai. Laifina ne da ban tsaya ba, amma kai ma kana da rabonka.

Yanzu ni ce malama, ka zauna a benci. Na tambayi likitan fata a nan. Ya ce zanen yatsa ba ya mutuwa, sai dai ya kwanta, in an bar fata ta huta yakan taso. Don haka daga yau ba kai ba alli, ko taɓa kwalin. Ba wanki, ba wanke allo, ba taɓa toka ko siminti. Safe da yamma ka shafa basilin sosai, ka sa safar hannu. Ga guda biyu na sa a cikin ambulan, farare ne, kada ka ce sun yi kama da na masu fareti. Ka riƙa shan ruwa da yawa. Bayan mako guda ka je ka gwada.

Na naɗa Inna mai sa ido. Na san za ka ce ba ta gani. Tana ji, kuma ƙarar alli ba ta ɓuya.

In ka karya doka ko sau ɗaya, zan dawo gida in zauna a zaure, asibiti su nemi wata.

'Yarka

*

Ranar 24 ga wata

Zuwa ga Malama Jan Biro,

Ɗalibinki yana gaisuwa. Muna lafiya. Hedimasta tana gaishe ki, ta samu muƙamin da ta daɗe tana nema.

Na karɓi faɗa, kuma na cancanta. Ban so in ɗora miki kaya kina sabuwar aiki ba, shi ne kawai. Amma kada in sake jin batun barin aiki, ko na zama a zaure. Tsohuwar gado na tara wa zai rantse mata? Albashi yana makara, na ga haka sau da yawa, amma shekarun da kika fara tarawa yanzu su ne za su riƙe ki ranar da gwiwa ta ƙi.

Na bi doka. Hedimasta ta kwashe alli ta kulle a akwatin kayanta, makullin yana ɗaure a bakin zaninta. Ina yawo a unguwa da farar safa, mai kanti yana sara min. Da na shiga aji hannu a naɗe, babban makanike ya ce, "Malam, tiyata za a yi mana?" Na ce a'a, yau ku za ku yi rubutu, ni zan zauna. Hedimasta ke ba da alli ɗaya-ɗaya kamar maganin asibiti. 'Yata, abin mamaki! Matar mai gyaran takalmi, wadda wata uku ba ta ɗaga kai ba, ta tashi ta rubuta sunanta a allo, baƙi biyar, babu kuskure. Ta tsaya tana kallon sa ta ƙi gogewa. Ashe duk shekarun nan ni nake tare musu allo.

Yanzu ga labarin, kuma wannan karon ba zan ɓoye shi a ƙasa ba. Yau na koma. Yatsa ya yi laushi kamar na jariri, matashin nan har ya yaba. Na ɗora, na'ura ta yi ɗan tunani, ba kamar da ba. Sai ja. Ya duba ya ce, "Baba, an ci gaba. Da cewa take ba ta ga zane ba. Yanzu ta gani sarai, amma ta ce ba naka ba ne." Na ce to na wa ne, aro na yi? Ya ce shi dai abin da aka kwaso daga tsohuwar rajista ta shekara biyar baya, da shi take gwadawa. Ya ce in zo ranar talatin, gwajin ƙarshe.

Ban yi waƙa a tsakar gida ba, don yanzu an gano ni. Na zauna kusa da Innarki na gaya mata yadda aka yi. Ta ce, "To, mu ci abinci." Kin san ta.

Zan ci gaba da shafa man, ban san me zan yi ban da shi ba.

Kawunki

*

Ranar 26 ga wata

Kawu,

Gaisuwa gare ka da Inna. A tsaye nake rubutu a tasha.

Tun da na karanta wasiƙarka maganar matashin nan ke min yawo: ta gani, amma ba naka ba ne. Da na dawo daga aiki na buɗe akwatina na ɗauko takardar rajistar da aka ba mu. A bayanta akwai hoton hannaye biyu, an yi alama a kan yatsan da aka ɗauka. Nawa na dama ne. Amma wata abokiyar aikina da ta ƙone a hannu, na hagu aka ɗaukar mata, kuma an yi alamar a can.

Kawu, shekara biyar baya kana tsaka da koyarwa, alli ya fi na yanzu yawa a hannunka. Ka tabbata na dama suka ɗauka? Ka jawo akwatin nan daga ƙarƙashin gado, ka nemo takardar tsohuwar rajista, ka juya bayanta. Ka tafi da ita.

Na sa wasiƙar nan a hannun Sai Gobe da kaina. Na ce masa in ya yi halinsa, ranar da ya zo asibitinmu ni zan zaɓar masa allura.

'Yarka

*

Ranar 1 ga sabon wata

Zuwa ga 'yata Jan Biro,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, lafiya ƙalau, lafiyar da gwamnati ta sa wa hannu!

Ki zauna in ba ki a jere. Kwana biyar ba mu ji daga gare ki ba. Na je tasha sau biyu, aka ce motar Sai Gobe ta lalace a hanya, yana can yana jiran wani ƙarfe. Ranar talatin na yi asubanci, na ɗauki yatsana mai laushi na tafi, na karɓi lamba tamanin da shida. Masinjan nan yana nan, ya raka ƙaninsa. Wannan karon bai yi min ta'aziyya ba, ya matsa min wuri a benci kawai.

Ashe ina fita da kamar awa biyu Sai Gobe ya iso gida, baƙin mai har gwiwar hannu, yana cewa a shaida ya kawo wasiƙarki, kada a yi masa allura. Mai ɗinki ta karanta wa Innarki. Suka jawo akwati, babu makulli, yana aljihuna. Innarki ta ce a ɗauko shi haka nan.

An kira saba'in da tara sai na ji hayaniya a ƙofa. Na waiga, ga Hedimasta ta riƙe hannun akwati ɗaya, babban makanike ya riƙe ɗayan, mai ɗinki a gaba tana buɗe hanya da tef ɗin awo a wuya. Mai gadi ya ce ina za a kai wannan? Innarki ta ce, "Shaidar mijina ce, yana ciki." Suka dire shi a gabana ƙum. Ta ce, "Malam, buɗe. 'Yarka ta ce ka juya bayan takarda."

Na durƙusa a tsakiyar layi ina tono. Takardar ɗaukar aiki, ta canjin makaranta, ta gargaɗin da aka yi min kan makara shekara talatin baya, masinja yana karantawa da ƙarfi. Tamanin da uku. Tamanin da huɗu. Sai ga ta, 'yar ruwan ɗorawa. Na juya. Hannaye biyu, da alama ƙatuwa a kan babban yatsan hagu, har da rubutun jami'in: na dama ba ya karantuwa. Nan take na tuna ranar. Daga aji na wuce, hannu fari fat, mutumin ya gaji da ni ya ce kawo ɗayan.

Tamanin da shida. Na miƙa wa matashin takarda. Ya karanta, ya kalli rubutun bango, ya shiga wurin shugabansu. Minti biyar ɗin nan sun fi min shekarar farko a aji tsawo. Ya fito ya ce, "Baba, kawo na hagu." Na ɗora. Kore!

Layi ya kaure da tafi. Masinja ya ɗaga sanda ya ce, "Malam ya dawo!" Innarki tana jan rigata tana cewa wane launi, wane launi? Na ce irin na ganye. Shugabansu ya fito da kansa ya sa aka gyara rubutun bango, aka kira duk wanda na'ura ta ƙi ya duba bayan takardarsa. Kafin mu tafi mutum huɗu sun tashi daga matattu.

Yanzu maki. Basilin da safa, biyar bisa goma, don mako biyu ina kiwon yatsan da ba shi ake nema ba. Wasiƙar ƙarshe, goma bisa goma. Ni kuma na ba kaina sifiri. Na koya miki ajiye takarda, na manta ban koya miki karanta ta ba, don ni ma ban iya ba. Ki ƙara wannan a darasin farko.

Na ji an sa hannu a kasafi. In teburin nan ya saki albashinki, ki fara da takalmi mai taushi.

Kawunki, rayayye

*

Ranar 20 ga wata

'Yata,

Ki duba rubutun nan da kyau. Ba na mai ɗinki ba ne, ba na kawunki ba ne. Nawa ne. Da jan bironsa nake yi, shi na samu a kusa.

An yi aiki ranar sha biyu, katin ya yi aikinsa, ba a ce mu kawo komai ba. Da aka cire bandeji abin da na fara gani kawunki ne a tsaye a kaina, baki buɗe. Na ce, "Malam, ashe ka tsufa haka?" Ya ce shekara biyu yana ɓoye min.

Gida yana nan yadda na bar shi, sai dai labulen ɗaki da ya ce min shuɗi ne ya saya, ruwan hoda ne. Na mayar masa da allinsa. Yanzu zama yake a benci, ɗalibai na rubutu, shi yana surutu.

Mun ji albashi ya fito, Allah ya sa albarka. Ki zo hutun ƙarshen wata, ki zo da rigar aikin a jikinki, kada ki naɗe ta a jaka.

Jiya na sa ya ɗauko min takardar nan 'yar ruwan ɗorawa, na ce da ita zan gwada ido. 'Yata, daga bakin ƙofa na hango alamar. Ni da ba na gani ina da uzuri. Shi fa?

Ki sa wannan a akwatinki, ta zama ta huɗu. Ki juya bayanta, na zana miki hannu.

Innarki